Maganin da Sai Ya Wargaje Yake Aiki

Jikin ɗan Adam yana ƙera wata iska dare da rana domin sassauta jijiyoyin jini. Sunanta nitirik oksayid, masana kuma sun taƙaita shi da haruffa biyu, NO. Zarra biyu ce kacal a manne, nitirojin ɗaya da oksijin ɗaya, kuma ba ta da tsawon rai: cikin 'yan daƙiƙu jan sinadarin jini, wato himogulobin, ya cafke ta ya kashe mata kaifi. A manyan asibitoci akan ɗura ta a tukunyar ƙarfe a shaƙa wa jarirai masu matsalar huhu, amma wadda aka shaƙa iyakarta huhun. In ana so ta kai ga jijiyoyin ciki da na ƙafa da na zuciya, dole a ɗaure ta a jikin wani sinadari mai haƙuri, wanda zai riƙe ta har ya shiga jiki, can ya wargaje ya sake ta.

Ke nan wanda ke riƙe da irin wannan magani yana riƙe da abin da aka ƙera don ya wargaje. Aikinsa shi ne kada ya bari hakan ta faru a hanya, kada kuma ya hana ta faruwa a inda ake so. A jihar Diffa kuwa hanyar ba gajera ba ce. Kwalin magani yakan taso daga Yamai ya ci kilomita sama da 1,300 ta Maraɗi da Damagaram kafin ya ga Diffa, daga nan wani ya ƙarasa da shi gabas, garuruwan bakin Komadugu irin su Barwa, a yankin Boso, kusa da inda kogin ke faɗawa tafkin Chadi. Mutanen Barwa sun bar garinsu a 2015 saboda rikicin Boko Haram, sai a watan Yunin 2021 kusan mutum dubu shida suka koma. Garin da ya sake cika dole a samu tsofaffi masu hawan jini da mata masu jego a cikinsa, dole kuma a samu daren da wani zai riƙe ƙirji yana haki. Wanda zai tarbe shi da farko shi ne ma'aikacin gidan likita na karkara, wanda a Nijar ake kira CSI, shugabansa kuma majo.

Kafin a shiga ɗakin majo, ga abin da iskar ke yi. Kowace jijiyar jini tana da siririn rufi daga ciki, bayansa kuma akwai zoben tsoka da ke matsewa ko ya saki. Rufin ne ke ƙera NO. Iskar ta ratsa zuwa tsokar, ta manne a zarrar ƙarfe da ke jikin wani inzayim mai suna guwanilat saikilas. Inzayim dai sinadari ne da jiki ke yi don ya gaggauta wani aiki ƙwaya ɗaya. Wannan, da NO ta taɓa shi, sai ya shiga ƙera wani ɗan saƙo da ake kira cGMP. Saƙon ya rage sinadarin kalsiyam a cikin tsokar, tsoka ta saki, jijiya ta buɗe. Ferid Murad ne ya nuna a 1977 cewa tsofaffin magungunan ciwon ƙirji ta wannan hanya suke aiki. A 1980 Robert Furchgott, yana gwaji da jijiyar zomo a New York, ya gano cewa in hannun mai gwaji ya goge rufin ciki ko da ba da gangan ba, jijiyar ba ta ƙara amsa umarnin buɗewa. Shekaru kaɗan bayan haka shi da Louis Ignarro, da kuma Salvador Moncada a Ingila, suka tabbatar cewa abin da rufin ke fitarwa NO ce. Furchgott da Ignarro da Murad suka karɓi kyautar Nobel a 1998.

Maganin ya girmi wannan bayani da fiye da shekara ɗari. Ascanio Sobrero ya haɗa nitirogilisarin a birnin Turin na Italiya a 1847, ya ɗanɗana ɗigo ya kwashi ciwon kai mai tsanani. Alfred Nobel ya mai da shi nakiya a 1867. William Murrell, likita a Landan, ya wallafa a 1879 cewa ɗan mitsitsin sa yana kwantar da ciwon ƙirji na zuciya. Nobel da kansa, gab da rasuwarsa a 1896, likitocinsa sun rubuta masa shi. A ƙasashen da ke aiki da Faransanci an fi saninsa da tirinitirin. Manoman tattasai na bakin Komadugu sun ga yadda dokar ta-ɓaci ta 2015 ta sa ido kan takin zamani don gudun a haɗa abin fashewa da shi. Ga shi kuma uban abubuwan fashewa yana zaune lafiya a kabad ɗin magani. Abin da ke cikin ƙwaya ɗaya kusan rabin miligiram ne, an gauraya shi da sukarin madara, ba ya iya fasa komai.

To, an kawo dattijo, hannunsa a ƙirji, yana cewa kamar an danne shi, zafin yana gangarawa hannun hagu. Majon da ya san aikinsa ba kwalba yake fara ɗauka ba. Kujera yake fara jawowa. “Baba, ku zauna nan, ku jingina.” Ba a ba mutum wannan magani a tsaye, domin cikin minti biyu jini zai taru a ƙafafu, kai ya yi fayau, mutum ya zube. Sai ya ɗaura abin awon tansiyo, wato matsin jini, a dantse. A Nijar akan ce 12/8, a Najeriya 120/80, abu ɗaya ne. In lambar sama ta gaza 9, kwalbar ba za ta buɗu ba. Ya taɓa bugun jini, ya duba leɓe da tafin hannu. Wanda gudawa ta tsotse, ko macen da ta zubar da jini wajen haihuwa, jijiyoyinsu dama ba cike suke ba. A ƙara buɗe su, zuciya ta rasa abin turawa.

Daga nan sai tambayar da ta fi awon wuya. Majo ya sallami 'ya'ya da matan da suka yo rakiya, ya ja labule, ya rage murya. “Baba, ku gafarce ni, tambayar aiki ce. Daga shekaranjiya zuwa yau, ko an sha wani abu na ƙarin kuzari, irin na iyali? Ko ƙwaya, ko na kwalba, ko wanda ake zubawa a shayi?” Dalilin yana cikin saƙon nan na cGMP. Jiki yana da wani inzayim da ke share saƙon bayan ya gama aiki, don kada jijiya ta zauna a buɗe. Sildenafil, wanda aka fi sani da Viagra, aikinsa shi ne ya riƙe hannun mai sharewar. Asali ma don ciwon ƙirji kamfanin Pfizer ya fara gwada shi, kafin ya fito kasuwa a 1998 da wata manufa daban. In aka haɗa mai yawaita saƙo da mai hana share shi, tansiyo kan faɗi warwas, wani lokaci ba ya tashi. Ƙa'ida ita ce awa 24 bayan sildenafil, awa 48 bayan ɗan'uwansa tadalafil. Tambayar ta haɗa da na kwalba da na shayi ne domin gwaje-gwaje a ƙasashe da dama sun sha gano waɗannan sinadarai ɓoye cikin haɗe-haɗen da ake sayarwa da sunan na gargajiya. Dattijo ba zai amsa wannan a gaban surukarsa ba, kuma majon da ya ji nauyin tambaya ya tsallake ta, kunyarsa na iya jawo salati.

In hanya ta buɗe, sai baki. “Ku tofar da goron. Ku kurkure.” Bakin da zafi ko hunturu ya busar ba ya narkar da ƙwaya, don haka ɗan kurɓin ruwa yana cikin aikin. “Ku ɗaga harshe. Kada ku haɗiye, ku bar ta ta narke da kanta.” Ƙarƙashin harshe fata siririya ce, cike da ƙananan jijiyoyi da ke zuba kai tsaye cikin jinin da ke komawa zuciya. Abin da aka haɗiye kuwa dole ya bi ta hanta, ita kuma hanta tana wargaza kusan dukkan nitirogilisarin a zagaye na farko, kafin ya kai inda ake bukata. Majo ya dubi agogo ya rubuta lokaci. Cikin minti ɗaya zuwa uku ya kamata a ji sauƙi. Bayan minti biyar ya sake awo. In ciwon na nan kuma tansiyo ya yarda, ya ƙara ta biyu, haka har ta uku. Ciwon da ya ƙi ƙwaya uku ya wuce na ƙwaya. Sai takardar turawa zuwa babban asibitin Diffa, da lokacin kowace ƙwaya rubuce a jikinta.

Me ke faruwa cikin mintunan nan? Ƙirar nitirogilisarin gajeren kashin baya ne na gilisarin mai reshe uku, kowane reshe yana ɗauke da nitirat. Da kansa ba ya sakin komai. A zuba shi cikin ruwa ya zauna lafiya. Sai ya shiga ƙwayoyin tsokar jijiya, ya isa mitokondiriya, ƙananan ɗakunan da ke samar wa ƙwayar halitta makamashi. A can akwai inzayim mai suna ALDH2, wanda aka fi sani da share dafin da barasa ke bari a jiki. A 2002 Jonathan Stamler da abokan aikinsa a jami'ar Duke ta Amurka suka nuna cewa shi ne ke kama nitirogilisarin. Yana da zarrar sulfa a wurin da yake riƙe abin aiki. Sulfar ta ɓalle reshe ɗaya na gefe, a bar kashin baya da reshe biyu, guntun da aka ɓalle kuma shi ne ke rikiɗa ya ba da NO a daidai inda ake nemanta. Kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen Sin da Japan da Koriya an haife su da raunin wannan inzayim, shi ya sa ƙwayar ba ta ji musu kamar sauran mutane.

A ƙaramin awo, jijiyoyin da ke komar da jini zuciya su ne suka fi buɗewa, ba masu fitar da shi ba. Duk wanda ya ga cikar Komadugu ya san cewa fadamu da tafkunan gefe ne ke shanye rarar ruwa. In sun karɓa, garuruwan ƙasa su huta, in sun ƙi, ruwa ya shiga gidaje. Manyan jijiyoyin ciki da na cinya su ne fadamun jiki. Da sun buɗe sai su riƙe rarar jini, abin da ke komawa zuciya ya ragu, bangonta ya daina miƙewa, bukatarta ta oksijin ta sauka, ciwo ya lafa. Ciwon kai da ɗumin fuska da ke biyo baya alamar buɗewar jijiyoyin kai ce, kuma majo yakan faɗa wa mara lafiya tun kafin su zo, don kada ya tsorata ya ce maganin bai karɓe shi ba.

Duk wannan ya dogara ga ƙwayar da ba ta mutu a kwalba ba. Nitirogilisarin mai ne mai tashi. A hankali yake ficewa daga ƙwaya ya shige auduga, ko takarda, ko roba, duk abin da ya taɓa. Shi ya sa ake ajiye shi a kwalbar gilashi mai duhu, a rufe gam, ba auduga a ciki, ba a kuma zuba wasu ƙwayoyin tare da shi. An tsara a ajiye shi ƙasa da digiri 25, alhali a watannin Afrilu da Mayu zafin Diffa yakan haura 40. Mai kula da magani na ƙwarai ya san kusurwar da ta fi sanyi a ginin, ya san kabad ɗin da rana ke duka da la'asar. Ranar da ya buɗe kwalba yakan rubuta kwanan wata a jikinta, bayan mako takwas ya fitar da ragowar ko da sun yi kyau a ido. Ba ya yarda da zancen cewa ƙwayar da ta yi yaji a harshe ita ce mai rai. Yajin ba awo ba ne. In akwai na feshi, shi ya fi so wa mai tafiya, domin kwalbarsa a toshe take: a riƙe ta a tsaye, a fesa ƙarƙashin harshe, kada a shaƙa. A bakin tasha kuwa ga mai tallan magani da faranti a ka, rana tana gasa kayansa tun hantsi, yana ƙirga ƙwayoyi cikin ƙullin leda. Ko da asalin kayansa na kirki ne, abin da ke cikin ledar sunan magani ne ya rage.

Sai batun lokaci, wanda a ganina nan ne ake bambanta wanda ya fahimci maganin da wanda ya haddace sunansa. Ma'aikatan masana'antar nakiya a Turai da Amurka sun san wani ciwon kai na ranar Litinin: su shiga aiki kai na sarawa, kafin tsakiyar mako ya daina, su huta ƙarshen mako, Litinin ya dawo. Wasunsu har sukan shafa ɗan sinadarin a cikin hula su tafi da shi gida don kada sabon ya gushe. Abin da ya kawar musu da ciwon kai shi ne ke kashe amfanin magani. Kowace ɓallewar reshe tana ƙona sulfar ALDH2, sai an gyara ta kafin ta sake aiki. In magani yana zuwa babu hutu, gyara ba ya cin ma ɓarna. Ga kuma jiki yana riƙe ruwa yana matse jijiyoyi don ya rama. Cikin kwana ɗaya na shan da ba yankewa ƙarfin maganin ya fara dushewa, kuma ƙara yawa ba ya dawo da shi. Abin da ke dawo da shi rata ce, awa goma zuwa sha huɗu a kowace rana da jini zai zama babu nitirat.

Wannan ya fi shafar na sha kullum. Isosobid dinitirat, wanda a farmasin Nijar aka fi sani da Risordan, reshe biyu gare shi. In an haɗiye shi hanta takan ɓalle ɗaya, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne ke tsira da siffarsa, amma ragowar mai reshe ɗaya ita ma magani ce, kuma ta fi daɗewa: ɗaya daga cikin ragowar tana ɗaukar kusan awa biyar kafin rabinta ya bar jini. Ganin haka masu haɗa magani suka ware ta suka mai da ita ƙwaya mai zaman kanta, isosobid mononitirat, wadda hanta ba ta taɓawa a zagayen farko. Mai gaggawa yakan rubuta “safe, rana, dare” ya miƙa takarda. Mai lura yakan zauna ya tambayi mara lafiya yaushe ciwon ke zuwa. In manomi ne da ke jin sa lokacin ban-ruwa a garka, a bar ratar da dare. Ba kowa ke da agogo ba, amma kowa yana jin kiran salla: mai shan sau biyu ya sha bayan asuba, ya ƙara da azahar, tazarar awa bakwai ke nan, daga nan sai gobe. Mai sau uku ya sha da hantsi, da azahar, da magariba, kada ya ƙara da lisha ko da ya tuna. Sannan a gargaɗe shi kada ya yanke sha kwatsam don ya ji sauƙi, domin jijiyoyin da suka saba kan matse fiye da da.

Ba tsofaffi kaɗai ke bukatar nitirat ba. Ƙasar Hausa ta yi suna a littattafan likitanci da ciwon zuciya na masu jego. A shekarun 1970 Davidson da Parry suka bi matan Zariya, suka ga kusan ɗaya cikin ɗari tana kamuwa bayan haihuwa, suka danganta abin da gishirin kunun kanwa da zafin wankan jego da gadon da ake hura wa wuta. Binciken da aka yi daga baya a Yamai da Kano ya ƙara nuna hannun ƙarancin sinadarin seleniyam da rashin wadataccen abinci. Kanwa kuwa ba baƙuwa ba ce a nan, daga kwarurrukan ƙasar Manga ake haƙo ta. Macen da zuciyarta ta gaza, ruwa yakan cika mata huhu, ba ta iya kwanciya, numfashi yana ƙara, wani lokaci har kumfa a baki. “Sannu, maijego. Tashi zaune sosai, sauko da ƙafafunki ƙasa.” Zaman kansa magani ne, yana tsare jini a ƙafa. Sai oksijin in akwai, allurar furosemid mai fitar da ruwa ta fitsari, da isosobid miligiram 5 ƙarƙashin harshe in tansiyo ya ba da dama. Furosemid na bukatar lokaci. Nitirat ne ke rage cunkoson a mintunan farko. Ga mai ciki da ba za a iya ba ta magunguna irin su kaftofiril ba saboda abin da ke cikinta, haɗin isosobid da hidiralazin ne likitoci ke komawa gare shi. Wannan haɗin ne aka gwada a Amurka kan baƙaƙen fata 1,050 masu gazawar zuciya, sakamakon ya fito a 2004 da raguwar mace-mace kashi 43 cikin ɗari.

In za a ba da nitirat ta ƙarin ruwa, akwai wani ɓarawo da ba a gani: robar PVC da ake yin yawancin jakunkuna da igiyoyin ƙarin ruwa da ita tana shanye nitirogilisarin, kashi 40 zuwa 80 cikin ɗari a farkon gudu. Mai jinya ta nemi kwalbar gilashi ko sirinji da igiyar foliyetilin. In babu, ta san lambar da ke jikin famfo ba ita ke shiga jini ba, sai ta bi tansiyon mara lafiya maimakon lambar.

Akwai magungunan da ba sa jiran ALDH2. Molsidomin, mai sunan kasuwa Corvasal, hanta ce ke yanke masa wutsiya ya koma linsidomin, shi kuma a cikin jini zobensa ya buɗe da kansa, ya haɗu da oksijin ya saki NO. A ɗakunan bincike akwai wani dangi da Larry Keefer ya inganta a cibiyar binciken ciwon daji ta Amurka a shekarun 1990, waɗanda tsamin ruwa kaɗai ke kwance su. A ruwa mai alkali, wato mai halin kanwa, suna zaune shiru, don haka a ciki ake narkar da su a ɗora kan ƙanƙara. Da an ɗiga su a ruwa mai yanayin jini da ɗumin jiki sai su fara saki, kowanne da saurinsa: wani rabinsa ya ƙare cikin daƙiƙa biyu, wani minti biyu, wani minti 39, wani sai awa 20. Mai bincike yana zaɓar gudun da yake so tun kafin ya buɗe kwalba.

Amma mafi ban tsoro, wanda ya fi neman hannun gwani, shi ne sodiyam nitirofurusayid. Lyon Playfair ne ya bayyana shi a 1849. Zarrar ƙarfe ce a tsakiya, abubuwa shida kewaye da ita: NO ɗaya, sayanayid biyar. Sayanayid guba ce, kuma ita ce kusan kashi 44 cikin ɗari na nauyin maganin. Ba na gidan likitan ƙauye ba ne. Wurinsa ɗakin kulawa ta musamman, inda akwai famfon allura da na'urar da ke nuna tansiyo ba yankewa, ga wanda hawan jini ke neman fasa masa jijiya ko ya nutsar da huhunsa.

Garin yana zuwa ja-ja a ƙaramar kwalba mai duhu, miligiram 50. Mai jinya ta narkar da shi da ruwan gulukos mai kashi 5, ta juye cikin mililita 250 na irin ruwan. Kafin ta yi komai, ta naɗe jakar da takardar alminiyam ko baƙar riga, domin haske kaɗai ya isa ya tsinke abin da ke riƙe da NO, iskar ta tafi a banza, gubar ta zauna a ruwa. Ta rubuta awan da ta haɗa, domin bayan awa 24 sai sabo. Ta ɗaga gefen naɗin ta dubi launi: ruwan ƙasa-ƙasa mai haske shi ne daidai, shuɗi, kore ko ja mai duhu, a zubar. Sannan lissafi, kuma da biro take yi, ba da ka ba. Kowace mililita tana ɗauke da maikirogiram 200. Mutum mai kilo 60, in za a fara da rabin maikirogiram ga kowane kilo a minti, yana bukatar 30 a minti, 1,800 a awa, wato mililita 9 a awa. Ta sa wa maganin hanyarsa shi kaɗai, ta liƙa alama don kada wani ya zo ya tura wata allura ta cikinta, domin ɗan abin da ke kwance cikin igiya in aka ingiza shi lokaci ɗaya ya isa ya kayar da tansiyo. Ta duba batirin famfo tun wuta ba ta ɗauke ba.

Da ya shiga jini, cikin daƙiƙa talatin ya fara aiki. Himogulobin da sinadarai masu sulfa na bangon jijiya suna miƙa masa lantarki ɗaya, ginin ya rushe, NO ta fita ta buɗe jijiyoyin fita da na komowa baki ɗaya. Mai jinya ba ta neman lamba mai kyau da sauri. A awa ta farko ba a so tansiyo ya sauka fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, domin ƙwaƙwalwa da ƙodar da suka saba da matsi mai yawa sukan ji yunwar jini in aka janye shi gaba ɗaya. Ta ƙara kaɗan, ta jira minti biyar, ta duba, ta ƙara ko ta rage. Iyakar ƙarshe maikirogiram 10 ga kilo a minti, kuma ba a wuce minti goma a kanta.

Saura sayanayid biyar ɗin nan. Hanta tana da inzayim mai suna rodanis, wanda ke ɗaura wa sayanayid sulfa ya mai da ita tiyosayanat, mai sauƙin dafi, ƙoda ta fitar. Shi ne dai ke aiki a jikin wanda ya ci rogo mai ɗaci da ba a jiƙa sosai ba. Amma sulfar ajiya ce mai ƙarewa, daga abinci mai gina jiki take zuwa, kuma jiki ba ya iya bin gudun da ya wuce kusan maikirogiram 2 ga kilo a minti na dogon lokaci. Wanda ya daɗe bai ci da kyau ba, ajiyarsa ta fi saurin ƙarewa. Don haka idon mai jinya ba ga na'ura kaɗai yake ba. Tana kiran sunan mara lafiya ta ji ko amsarsa ta fara rikicewa. Tana kallon numfashi ko ya yi zurfi da sauri. Tana lura in jinin da aka zuƙo daga jijiyar komowa ya yi ja fiye da kima, alamar jiki ya kasa amfani da oksijin. In kuma ta ga ana ta ƙara magani tansiyo ya ƙi sauka, ba ƙari take nema ba, likita take kira, a tsayar, a kawo makarin gubar, tiyosulfat ko hidirokzokobalamin. Mai ciki ba a ba ta shi sai in babu wata mafita, domin gubar tana ratsa mahaifa.

Cirewa ma a hankali ake yi, ana rage gudu yayin da ƙwayoyin sha ke karɓar aiki, don kada tansiyo ya yi tsalle ya koma sama. Mintuna kaɗan bayan an kashe famfo tasirin maganin ya gushe. Tiyosayanat kuwa yana ɗaukar kusan kwana uku kafin rabinsa ya fita, fiye da haka in ƙoda ta raunana, kuma in ya taru yakan kawo ƙarar kunne, tashin zuciya da ruɗewa. Shi ya sa mai jinyar da za ta miƙa aiki take rubuta jimillar abin da ya shiga da yawan awannin da ya yi yana gudu, ta kuma bar umarni a ci gaba da auna fitsarin mara lafiya har kwanakin su wuce.